Layin Bcc na Gmail, bayan na sha kunya a sallar layya

Ni dai sana'ata turaren wuta da humra, daga Maiduguri ake turo min kayan haɗi ina yi a gida nan Agege, kuma yawancin cinikina a WhatsApp ne kamar kowa. To amma ina da wasu kwastomomi ma'aikatan ofis a Ikeja da Victoria Island, su dai sai imel, wai wayarsu ta cika da guruf guruf saƙo ɓacewa yake. Shi ya sa duk sallah nake tura musu jerin farashi ta Gmail.

Sallar layyar da ta wuce na tafka ta. Adireshi 64 na kwasa na zuba a layin farko ɗin nan da aka rubuta To, na danna tura na koma kan tukunyata hankali kwance, ashe kowa yana ganin kowa. Kafin la'asar wata baiwar Allah ta danna Reply all, wato maɓallin da ke tura amsa ga duk waɗanda ke cikin saƙon, tana roƙon in ɗaga mata ƙafa kan ragowar kuɗin da nake binta, mutum 63 suka karanta bashinta. Wani dillalin filaye kuma ya kwashe adireshin mutanena ya fara musu tallan fuloti a Ikorodu. Hajiyar da ta fi kowa yi min ciniki ta kira ni, ko murya ba ta ɗaga ba, cewa kawai ta yi "ƙanwata, adireshin nan na ofis ne fa, amana na ba ki." Wallahi da zagina ta yi da ya fi min sauƙi.

Ƙanina da ke gyaran waya a Computer Village ne ya zo da daddare ya karɓi wayar yana min dariya. "Yaya, kin ga 'yar kibiyar nan a ƙarshen layin To? Taɓa ta." Ina taɓawa sai ga layi biyu sun fito, Cc da Bcc, shekara nawa ina da Gmail ban taɓa sanin suna nan ba. Ya ce kin san shuɗiyar takardar kabon da masu shago ke sawa a ƙarƙashin rasit don rubutu ya fito a shafi na biyu, to daga nan sunan ya samo asali, Cc kwafi ne a bainar jama'a, Bcc kuma kwafi ne a ɓoye, wanda aka sa a can zai samu saƙon amma sauran ba za su ga adireshinsa ba.

Ban yarda ba sai da na gwada, don wanda maciji ya sara in ya ga tsumma gudu yake. Na sa adireshin kaina a To, na sa na maigida da na ƙanin nawa a Bcc, na tura, muka jera wayoyi uku a kan tabarma. A wayar maigida babu alamar ƙanina, a ta ƙanina babu alamar maigida, ni kuwa da na shiga wurin saƙonnin da na tura duk ina ganinsu. Na ce maigida ya danna Reply all ɗin da ya ja min magana, amsar ta zo min ni kaɗai. Kuma duk wannan kyauta ne, ba wani sabon abu da za ki sauke ya cinye miki data.

Yanzu abin da bai min ba. Na farko ɓoyon da aka yi wa layin a waya, fisabilillahi abu mai amfani haka a ce sai an nuna wa mutum. Sannan ba ki da halin kiran kowa da sunansa, gaisuwa ɗaya ce ga kowa, ni kuwa cinikina da "Hajiya ina gajiya, ya yara" yake tafiya, sai saƙon ya fito a bushe kamar sanarwar banki. Mutum biyu kuma sun ce a Spam, wato inda Gmail ke jefa saƙonnin banza, suka tsinto nawa, tun daga nan nake bin manyan kwastomomi da ɗan saƙon WhatsApp in ce a duba. Gmail na kyauta yana da iyakar mutum 500 a rana, ni dai ban kai can ba, amma sakatarorin ƙungiyoyin kasuwa irin na Mile 12 su sani.

Akwai tarko guda da ƙanina ya ja min kunne a kai. In kin sa wata a To ko Cc, kika ɓoye wata a Bcc don ta ga abin da ake ciki, ta ɓoyen ta danna Reply all, to amsarta za ta je wa na filin, ta tona kanta ta tona ki. Kuma adireshi kawai yake rufewa, saƙon kansa duk wanda ya samu zai iya tura wa wanda ya ga dama. Ya kuma shiga saitin ta kwamfutarsa ya ƙara min lokacin janye saƙo daga sakan 5 zuwa 30, yana ta min wa'azin wai tun 2023 Najeriya tana da dokar kare bayanan mutane, na ce malam ni muryar Hajiya ma ta ishe ni doka.

In maki zan ba shi, huɗu cikin biyar, ɗayan na riƙe saboda kibiyar nan da sai mai ido. Hajiya ta dawo, satin jiya ma ta yi odar humra kwalba shida na ba ɗan aike ya kai mata Ikeja. Mai bashin ce dai har yau ba ta ɗaga wayata, ni kuma kunya ta hana ni tambayar kuɗin.