Saƙo ya iso daga kan Dala, amma mai kayan nan ya ɓata min rai

Tun 2021 da aka katse layukan waya a Zamfara, muka yi makonni ba mu ji muryar ƙanwata da ke aure a Gusau ba, abin ya tsaya min a rai. Shi ya sa da na ji labarin Meshtastic, ƴar na'urar da ke aika rubutaccen saƙo ta rediyon LoRa (wata fasahar rediyo mai cin dogon zango) babu sim babu data, na yi odar guda uku daga wani mai sayarwa a intanet.

Haɗa ta da waya ta Bluetooth bai ba ni wuya ba. Ɗaya na ɗaure ta a jikin ƙarfen tankin ruwa a saman benenmu a Gwale, da batir mai caji samfurin 18650 da ƙaramar sola. A ƙasa cikin lungu ba ta zuwa ko'ina, gine-gine sun tare ta, har na fara jin na yi asarar kuɗina.

Ranar Asabar na ba ƙanena ta biyun, na ce ya hau Dutsen Dala. Na cire sim ɗina, na zauna a tsakar gida. Can bayan la'asar waya ta yi ƙara: "Yaya, na iso, kana gani?" Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi! Na nuna wa Hajiya, ta ce a tambaye shi ko ya ci abinci, amsa ta dawo nan take. Muka yi ta yi har magariba. Rubutu ne kawai gajere, babu murya babu hoto, amma ni ya ishe ni.

To sai ta ukun, wadda na saya don gidan yayata a Kurna. Kwana huɗu ina fama, ta ƙi ganin ƴan uwanta. Ashe mitar rediyonsu ba ɗaya ba ce: ita ta 433 MHz ce, sauran biyun na 868, ba za su taɓa jin juna ba. Na yi wa mai kayan magana, ya ce ai duk LoRa ce, daga nan ya daina ɗaga waya. Kuma ko gargaɗin kada a kunna ta babu eriya bai yi min ba, alhali hakan na iya ƙona ta. Allah ne ya tsare.

Amfanin abin shi ne kowace na'ura ta miƙa saƙo ga ta gaba, da biyu kuwa ina za a je? Na'urar na yaba mata, shi kam ban yafe ba tukuna. Ta Kurna tana nan cikin durowa.