Hattara da mai tallan kayan tsohuwar Peugeot a Facebook: ba shi da ko noti ɗaya

Assalamu alaikum. Duk wanda ke da tsohuwar akori-kura a gida yana lallaɓa ta, musamman Peugeot 404 ko 504, ina roƙonsa ya karanta wannan har ƙarshe, ya kuma tura wa makanikensa. Akwai wani mutum da ke tallan kayan gyaran waɗannan motoci a Facebook, yana cewa sababbi ne fil a kwali daga Faransa, wai suna ajiye a shagonsa na Kwatano. Ƙarya ce. Naira dubu 265 ya raba ni da su cikin kwana tara.

Motar da nake gyarawa ta mahaifina ce, Allah Ya jiƙansa. 404 ce, irin waɗanda masana'antar Peugeot ta Kakuri a Kaduna ta riƙa haɗawa bayan ta fara aiki a 1975. Da ita ya yi ta jigilar auduga da masara tsakanin Funtuwa da Giwa da Zariya, da ita aka ciyar da mu. Bayan rasuwarsa ta daɗe a gindin darbejiya, tayoyi suka zube, kaji suka mayar da bayanta akurki. Shekara biyu ke nan da na ja ta zuwa garejin gidana, duk Asabar da Lahadi muna kanta ni da wani dattijon makanike wanda a kan Fijo ya koyi sana'a tun yana yaro. Mun yanke ƙasan da tsatsa ta cinye an yi walda, mun sauya wayoyin wuta gaba ɗaya, mun shimfiɗa katakon maɗaci a baya, an ƙera mata sabon ƙarfen ɗaura tamfol. Abu ɗaya ne ya tsayar da mu, kan inji, wanda makanikai ke kira tof silinda.

Wanda ya san injin 404 mai cc 1618, wannan da yake kwance a karkace, ya san gangar jikinsa baƙin ƙarfe ce amma kansa alminiyam ne. Ruwan rijiyar da aka bari a ciki shekara da shekaru ya zaizaye hanyoyin ruwan har sun huje. Na je Panteka a Kaduna, na je Ƙofar Ruwa a Kano. Guda biyu na samu: ɗaya ya tsage tsakanin bawul da bawul, ɗaya kuma an sha goge fuskarsa har ya yi siriri, ba sauran abin gogewa. Da na gaji sai na rubuta cigiya a wani zauren masu tsofaffin motoci, na sa hoton motar da lambar wayata, har na faɗi cewa ta mahaifina ce.

Ko awa ɗaya ba a yi ba ya kira ni. A lura da wannan da kyau, domin nan ne farkon tarkon. Shi ba ya jiran mai saye, cigiyar mutane yake bi yana karantawa, saboda haka kafin ya kira ka ya riga ya san abin da kake nema da kuma abin da ke ranka. Ya yi sallama cikin ladabi, ya ce: "Alhaji, Allah Ya jiƙan Baba. Irin wannan mota ai ba a barin ta ta lalace." Hausarsa garau. Yana ambaton Solex, wato kafiretar motar, yana ambaton Indenor, wato injin dizal na Fijo, yana cewa ai na dizal daban na fetur daban. Ya turo hotuna ta WhatsApp: kan inji yana ƙyalli a cikin takarda mai maiƙo, kwali da tambarin zaki, gilashin gaba, fitilun baya. Ya yi mini kuɗin kan inji da gasket da fitilu naira dubu 360, ya ce in ba da rabi kafin alƙalami, sauran sai kaya sun iso tashar Zariya na gani da idona. Wannan sharaɗin ne ya kwantar mini da hankali. Na tura dubu 180.

Sunan da ya fito a asusun ba shi ne sunan da ya faɗa mini ba. Na tambaya, ya ce na yaron shagonsa ne, shi asusunsa na sefa ne. Bayan kwana huɗu ya kira a ruɗe, wai 'yan kwastan sun tare kayan a Seme, sai an biya dubu 50, in ba haka ba za a kai su ma'ajiya. Har ya haɗa ni da wani da ya ce shi ne direban, ina jin ƙarar motoci a bayansa. Na tura. Kwana uku bayan haka direban ya ce motarsa ta lalace a Mokwa, ana buƙatar dubu 35 a sauya wa kayan mota. Wannan ma na tura, a wani asusun dabam. Duk lokacin da ka biya, kuɗin da ka riga ka zuba ne ke jan ka ka ƙara, domin kana ganin idan ka tsaya yanzu na baya sun tafi a banza. Shi kuma ya san haka, shi ya sa kowane biya yake ƙasa da wanda ya gabace shi.

Dattijon makaniken nan ne ya tona shi. Tun farko ban nuna masa hotunan ba, so nake in ba shi mamaki ranar da kaya suka iso. Da na nuna masa, sai ya ƙura wa hoton fitilun ido, ya ce: "Ɗana, waɗannan ai na salun ne, ƙaramar motar ɗaukar mutane, masu tsayin nan da ke kan fiffiken baya. Akori-kura ba ta da wurin da za su zauna." Ya karɓi wayar ya kira mutumin da kansa, ya gaishe shi, ya ce muna kuma son sifirin na baya, irin naɗaɗɗen nan, ko akwai? Nan take mutumin ya ce akwai, na akori-kura 404 sak, guda biyu suka rage. Baba makanike ya kashe wayar ya dube ni. Salun ɗin 404 ce ke da naɗaɗɗen sifirin a baya. Akori-kura sifirin ɗinta mai falle-falle ne, irin na motocin ɗaukar kaya. Duk wanda ya taɓa kwanciya a ƙarƙashinta sau ɗaya ba zai yi wannan kuskure ba. Mutumin sunayen kaya ya haddace, motar kuwa bai san ta ba.

Daren nan ɗana ya sa hotunan a Google Lens, manhajar da ke nemo inda hoto ya fito a intanet. Hoton kan injin na wani tsohon talla ne a wani shafin Faransa, an yanke gefen da rubutu yake. Da safe na nemi mu yi kiran bidiyo ya nuna mini kayan ko rasit ɗin kwastan, ya ce sabis ba kyau. Na ce to ya mayar mini da kuɗina. Daga nan lambarsa ta daina shiga, ta direban ma haka.

Abin da nake roƙon 'yan'uwa shi ne kada a yi cinikin biri a sama. Kafin ka tura ko sisi, ka sa mai kaya ya kira ka ta bidiyo, ya ɗauki kayan a hannunsa, ya juya shi, ya nuna maka lambar da ke jikinsa, ya rubuta sunanka da kwanan wata a takarda ya ajiye a kai. Mai kaya na gaskiya wannan ba ya yi masa wuya. Ka sa makanikenka ya yi masa tambayar tarko kamar yadda Baba ya yi. Wata mai sauƙi ita ce ta ƙafa: salun ɗin 404 noti uku ne a kowace ƙafa, akori-kura biyar. Idan sunan asusu ya saɓa da sunan mai magana, ka tsaya nan. Idan kuwa da gaske kayan na nesa ne, ka nemi wani naka a garin ya je ya gani, ko a ba direban da ka sani a tasha, wanda 'yan yuniyan suka san shi, ya karɓo ka biya a hannu. Kan inji ma musamman, ko a gabanka yake kada fenti ko ƙyalli ya ruɗe ka. A kai shi wurin masu injin gogewa su ɗora ma'auni su ga ko ya lanƙwashe, su matsa masa ruwa su ga ko yana yoyo, domin akwai masu cike tsaga su shafe ta da fentin azurfa.

Sai kuma a kula da abin da ake rubutawa a cigiya. Ni na sa lambata a fili, na kuma ba da labarin mahaifina, da su ya shigo mini. A rubuta sunan kaya da ƙirar mota kawai ya isa.

Akwai wani abu da ya biyo baya wanda ya fi ɓata mini rai. Bayan na ba da labarin a zauren, wani ya kira ni ya ce shi jami'i ne mai bin sawun 'yan damfara, ya gano inda mutumin yake, in ba da dubu 40 na man mota a kamo shi. Ina kyautata zaton su ɗin ne dai suka dawo ta wata ƙofa. Ban ba shi ba. Na je bankina da kaina na rubuta ƙorafi, na kai rahoto ofishin 'yan sanda, na kuma shigar da takarda a EFCC tare da rasit uku na kuɗin da na tura da hotunan hirarmu. Duk wanda abin ya same shi ya fara da banki a ranar, kada ya kwana, domin irin waɗannan asusun ba sa barin kuɗi ya daɗe a ciki. Kada kuma ya goge saƙo ko ɗaya, har da na murya.

Shafin nasa ya sauya suna a makon jiya. Yanzu kayan 504 da na tsohuwar Land Rover yake tallatawa, amma hoton kwalin nan mai zaki yana nan, kuma har yanzu yana cewa shagonsa na Kwatano. Mutum biyu sun riga sun tuntuɓe ni, ɗaya daga Gusau ɗaya daga Maraɗi, kuma labarinsu bai bambanta da nawa ba, har da motar da ta lalace a hanya. Idan kai ma ka tura masa kuɗi, ka turo mini saƙo ta akwatin sirri da rasit ɗinka, mu haɗa su wuri ɗaya mu kai wa hukuma. Wanda kuma ya san inda ake da kan injin 404 mai lafiya, wanda zan je in gani da idona tare da Baba makanike, don Allah ya sanar da ni. Motar tana nan a kan bulo, an rufe injin da buhu.