Boris ɗin ƙaramin injin rauta: mai murfin ƙarfe ko mai murfin roba?

Assalamu alaikum. Ɗan'uwanmu kafinta da ke aiki a Panteka ya ce ƙaramin injin rautansa na gyaran gefen katako ya fara kuka, hancinsa na ɗaukar zafi. Da ya je sayen boris, wato zoben nan mai ƙwayayen ƙarfe da sandar injin ke juyawa a cikinsa, mai shago ya ajiye masa iri biyu masu lamba ɗaya, wani da murfin ƙarfe, wani da murfin roba, ya rasa wanda zai ɗauka.

Ga amsar da na ba shi. Malam, kafin ka kwance komai, zare wayar daga wuta, ka cire bakin yanka, ka juya hancin injin da yatsa. In ka ji kamar akwai yashi a ciki, ko kuma sandar tana ɗan motsi gefe da gefe, boris ne. In tana juyawa sumul, duba kabon, wato gawayin da ke kai wa injin wuta, ka kuma duba ɗan ƙaramin boris ɗin da ke jikin bakin yankan, don shi ma yana kuka har mutum ya zargi injin.

Abin da ya sa tambayarka take da nauyi shi ne gudu. Misali, rautar Makita 3709 tana juyawa sau 30,000 a minti, RT0700C kuwa daga 10,000 zuwa 30,000. Wato sau 500 a daƙiƙa ɗaya in an ƙure ta. Boris biyu ne a jikin sandar, na gaba da na baya, ga kuma na gaban a daidai inda garin katako yake tashi.

Mai murfin ƙarfe shi ne wanda za ka ga an rubuta ZZ ko 2Z a bayan lambarsa. Murfin ba ya taɓa zoben ciki, wato wanda ke riƙe da sanda, akwai siririyar kafa tsakaninsu. Shi ya sa ba ya goguwa, ba ya ƙara zafi, yana jure gudu sosai, kuma kusan kowane mai sayar da boris yana da shi. Matsalarsa ita ce wannan kafar. Ɓawon madaci ba zai shiga ba, amma garin MDF, allon nan da ake haɗawa da niƙaƙƙen katako, mai laushi kamar fulawa zai shiga, ya haɗu da giris ya daskare, ya riƙa cin ƙwayayen ƙarfen. Ka ƙara da ƙurar hunturunmu ta Kaduna daga Disamba zuwa Fabrairu, mu da yawancinmu a rumfa muke aiki. In kuma ka kife injin a ƙarƙashin tebur, garin a kan boris ɗin yake zuba kai tsaye.

Mai murfin roba yawanci 2RS ne. Kamfanin NSK yana rubuta DDU, NTN kuma LLU. Leɓen robar yana manne da zoben ciki, ƙura ba ta samun hanya, giris ba ya fita. Wajen tsare datti ya fi na ƙarfe nesa ba kusa ba. Amma robar tana goga ƙarfe a kowane juyi, kuma littattafan kamfanonin boris kansu suna ba shi iyakar gudu ƙasa da ta mai murfin ƙarfe. A injin da ke gudun 30,000, irin wannan mai matsewa zai yi zafi, robar ta taurare, giris ya narke ya tsiyaye. Sai ka ga sabon boris ya fara kukan da tsohon ya yi.

Akwai na tsakiya, kuma a ganina shi ne ya dace da mu: murfin roba ne, amma ko dai bai taɓa zoben ba, ko kuma ya ɗan taɓa shi sama-sama. NSK na kiran marar taɓawar VV, mai ɗan taɓawar DDW. NTN na kiran marar taɓawar LLB. In ka duba jerin kayan gyaran Makita, DDW za ka yi ta gani, ba don komai ba sai don sun san gudu da ƙura a tare suke zuwa. Saboda haka a boris ɗin gaba, ka nemi irin wannan. In bai samu ba, ni dai gara in sa ZZ na ƙwarai in riƙa hure injin bayan aiki da in sa 2RS mai matsewa wanda ban san inda aka ƙera shi ba. Na bayan, wanda ke kusa da kabon, nauyin da ke kansa kaɗan ne, ZZ ya wadatar. Ka dai canza su biyun lokaci ɗaya.

Ka tafi shago da tsohon a aljihunka, ka karanta lambar da idonka. 608 da 627 faɗinsu ɗaya, milimita 22, kaurinsu 7, amma ramin 608 milimita 8 ne, na 627 kuwa 7. Haka 6002 raminsa 15 ne, 6003 kuma 17. In ka ga C3, yana nufin an ɗan ƙara sarari a ciki saboda ƙarfe na buɗewa da zafi. In na asalin yana da shi, sabon ma ya kasance da shi. Jabun boris masu sunan kamfanonin SKF da NSK sun yi yawa a kasuwa, don haka in rubutun jikin zoben ya dusashe ko kuɗin ya yi arha fiye da kima, ajiye shi.

Wajen sawa ake kashe boris mai kyau, kuma wannan yana damuna ƙwarai. Ka cire tsohon da fula, wato ƙarfen zaro boris, ka kula da fankar roba da ke bayansa, saurin tsagewa gare ta. In za ka zura sabon a sanda, ɗora gajeren bututu a kan zoben ciki kaɗai ka tura a hankali. Da zarar ka bugi zoben waje, ƙwayayen sun lotsa hanyarsu tun injin bai tashi ba. Kada guduma ta sauka a kan zaren hancin. In na bayan yana zaune cikin hular roba, mayar masa da ita. Da ka haɗa, bar injin ya yi 'yan mintuna ba tare da yanka ba, a ƙaramin gudu in naka mai sauyin gudu ne, sannan ka kashe ka taɓa hancin. Ɗumi ba komai, amma in yatsa bai iya zama a kai ba, sake kwancewa ka duba ko boris ɗin ya karkace a gidansa.