Ruwan Famfon Kaduna da na Zariya: Wanne Ya Fi?

Aiki ya sa nake raba mako tsakanin Kaduna da Zariya, garuruwan da tazararsu ta kai kimanin kilomita 80, kuma hakan ya ba ni damar gwada ruwan famfonsu a cikin kofi ɗaya. Kaduna tana shan ruwan Kogin Kaduna ne, wanda ake tacewa a matatu irin ta Malali, ita kuwa Zariya ta dogara da Kogin Galma da madatsar Shika.

A lokacin rani, na gidan da nake sauka a Kaduna yakan zo garau, sai dai ƙanshin sinadarin kulorin yana da ƙarfi da asuba, har shayi yakan canza ɗanɗano idan ba a bar ruwan ya kwana a randa ba. Da damina ta kankama kuwa, kogi ya ɗauko laka, sai in ga jan ƙasa ya kwanta a gindin bokiti, dole a jefa ɗan alif kafin a wanke farar riga.

Na unguwarmu a Zariya ya fi daɗin sha a bakina, ba ya kuma barin laka sosai. Aibinsa shi ne rashin tabbas, domin akan yi kwanaki famfo yana huci kawai, sai an kira ɗan garuwa.

Ni dai na ba Zariya maki a ɗanɗano, Kaduna kuma a yawan zuwa, amma kowanne sai na tafasa shi kafin yara su sha.