Fluoxetine: abin da na gani cikin wata takwas da na yi ina shan sa

Tun bayan da 'yan bindiga suka raba mu da ƙauyenmu muka dawo Gusau, barci ya ƙaurace mini, abinci ya fita raina, kuma gabana yakan faɗi ko da ƙofa aka buga da ƙarfi. Inna ta yi ta kawo rubutu da hayaƙi, tana cewa, "Ɗan nan, wannan ba ciwon asibiti ba ne." Ban bar addu'a ba, amma daga baya na ga likitan ƙwaƙwalwa, wanda ya ce ciwon damuwa ne haɗe da fargaba, ya rubuta mini fluoxetine, kafso ɗaya mai miligram 20 kowace safiya.

Maganin ba sabo ba ne. Kamfanin Eli Lilly na Amurka ne ya ƙirƙiro shi, aka amince da shi a can a 1987 da sunan Prozac, kuma yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya. Aikinsa shi ne hana jijiyoyin ƙwaƙwalwa saurin janye serotonin, sinadarin da ke da hannu wajen daidaita yanayin zuciyar mutum, don ya daɗe yana aiki a tsakaninsu. Wanda na saya a kemis na wani kamfanin Indiya ne, kuma kafin in biya na duba lambar NAFDAC da ranar lalacewarsa a jikin kwalin.

Babban aibinsa a wurina shi ne makonni biyun farko, kuma a nan nake ganin mutane da yawa suke yanke ƙauna su jefar da shi. Tashin zuciya ya dame ni, kaina ya yi ta ciwo, fargabar ma kamar ƙaruwa ta yi, har na riƙa tashi da ƙarfe biyun dare ina zagaya tsakar gida. Da likita bai gaya mini tun farko cewa sai bayan mako huɗu zuwa shida ake ganin cikakken amfaninsa ba, da ni ma na daina. A mako na biyar uwargidana ce ta fara lura, domin ta ga na cinye tuwon da ta ajiye mini har na nemi ƙari, abin da na yi wata da watanni ban yi ba. Bai goge mini abin da ya faru ba, amma ya sauke nauyin da ke kan ƙirjina har na iya komawa aji ina koyarwa.

Akwai illar da maza ba sa son ambata, wato raguwar sha'awar iyali, kuma ta same ni. Shan sa sau ɗaya a rana kuwa ya sauƙaƙa mini azumi, tun da likita ya amince in mayar da shi lokacin sahur.

Gargaɗin da ya fi muhimmanci a yankinmu shi ne na tiramadol. Haɗa shi da fluoxetine yana iya sa serotonin ya yi yawa fiye da kima, ya jawo karkarwa, zazzaɓi, ruɗewa, har da jijjiga, kuma ba kowane mai kemis ne zai tambaye ka abin da kake sha ba. Matasa 'yan ƙasa da shekara 25 su ma suna bukatar a sa musu ido a farkon shan sa, saboda tunanin kashe kai yana iya tasowa. Ba magani ba ne da mutum zai saya wa kansa don ya ji wani ya yaba.

Likita ya ce in ci gaba aƙalla wata shida bayan na ji sauƙi, kada in yanke shi da kaina. A watan gobe zan koma mu tattauna yadda za a rage shi.