Motata tana taka burki da kanta, amma ba ta san titunanmu ba

Ba don kyamararta na sayi motar nan ba. Motar Kwatano ce da ta yi aiki a Amurka, kuma ni inji da giya da sanyin AC na tsaya dubawa. Dillalin ya nuna min wani ɗan baƙin akwati manne da gilashin gaba, bayan madubin tsakiya, ya ce, "Alhaji, wannan da idonta take tafiya." Na ɗauka zaƙin baki ne irin nasu.

Wata rana bayan la'asar ina kan titin Zariya, wajen Unguwa Uku, ba gudu nake ba. Wani ɗan sahu ya tsaya yana sauke fasinja, sai ga yaro ɗan Islamiyya ya fito ta gaban adaidaitar da gudu, ko waiwaye bai yi ba. Wallahi kafin ƙafata ta bar totur motar ta ƙwalla ƙara, ta danne burki da kanta, bel ya shaƙe ni a ƙirji. Tsakanin bamba da yaron bai kai taku ɗaya ba. Ya tsallaka ya yi gaba abinsa, ni kuwa na gangara gefe ina ta innalillahi, hannuna yana rawa a kan sitiyari. Wani dattijo mai lemo ya matso yana cewa, "Sannu ɗan nan, Allah ya tsare, ka iya tuƙi." Na ce masa, "Baba, ba ni ba ne, motar ce." Allah ne mai tsarewa, amma na ga sanadin da idona, kuma ko don wannan ranar kaɗai kuɗina bai tafi a banza ba.

Daga nan na shiga bin diddigin abin. Kyamarar ce ke tantance siffar mutum da ta mota da layin fentin titi, sannan akwai na'urar rada a bayan tambarin gaba mai auna nisa da saurin abin da ke gabanka. Kwamfutar motar ta haɗa biyun, in ta ga karo na zuwa kuma direba bai motsa ba, sai ta taka. Cibiyar IIHS ta kamfanonin inshora a Amurka ta gano cewa irin wannan burki yana rage karon bugun baya da kusan rabi. A Tarayyar Turai tun Yulin 2024 ya zama dole a kowace sabuwar mota, Amurka kuma a 2024 ta sa wa'adin 2029. Ita wannan cibiyar ta kuma nuna cewa a duhu, inda babu fitilar titi, ganin mai tafiya a ƙasa yana yi wa na'urar wuya, don haka da daddare ban taɓa sakin jiki da ita ba.

To amma fa akwai ɓacin rai. Ɓangaren da ke riƙe mota a cikin layi ba don mu aka yi shi ba. Inda fenti ya goge ba ta ganin komai, inda kuma aka yi faci da sabuwar kwalta sai ta ɗauki bakin facin a matsayin layi. Ka kauce wa rami, sitiyari ya riƙa girgiza yana neman mayar da kai cikinsa. A gosulo kuwa, kowane ɗan sahu ya kutso gabanka sai ta yi kuka, har maiɗakina ta ce ita ba za ta ƙara shiga ba in ban rufe wa motar baki ba. Lokacin hunturu, hazo da ƙura suna lulluɓe gilashin, sai rubutu ya fito cewa kyamara ba ta gani, wato a daidai lokacin da ni ma na fi bukatar taimako.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne canjin gilashi. Tsakuwa ta taso daga bayan wata tifa ta tsaga min na gaba. Mai sa gilashin ya ciro kyamarar, ya mayar, ya ce, "Oga, an gama, ai maƙala ta kawai ake yi." Ashe in an taɓa ta sai an sake saita ta da kwamfuta da wani allo na musamman da ake kafawa a gaban mota, domin karkacewa kaɗan a jikin gilashi tana zama tazara mai yawa a can nesa. Tun daga nan ta fara tsorata da abin da babu. Rannan ina shiga ƙarƙashin gada ta finciki burki, titi fayau, saura ƙiris mai bas ɗin bayana ya haɗa ni da gaba. Zagin da na sha ranar ba ya faɗuwa, kuma da gaskiyarsa.

Yanzu dai na kashe na layin gaba ɗaya. Burkin na bar shi a kunne, don zuciyata ba ta yarda in kashe shi ba, sai dai ina yawan duba madubi saboda na baya. Na zaga wajen masu wayarin da dama, kowa na'urar goge wutar dashbod gare shi, allon saitin kuwa sai dai a ce min in gwada Abuja ko Legas. Duk wanda ya san mai yin sa a Kano, don Allah ya taimaka min da kwatance.