Gonar gahawa a gindin Kilimanjaro: a je lokacin tsinka

Ɗan Kaduna da harka ta kai shi Tanzaniya, ya ware yini guda don gonakin gahawa na ƙabilar Chagga da ke ƙauyukan saman garin Moshi, irin su Materuni. Sai dai a je tsakanin Yuli da Disamba, lokacin tsinka. Wanda ya je a Afrilu, ruwa da taɓo zai tarar, 'ya'yan kuma ɗanyu shar.

Kihamba suke ce wa irin wannan gona, kuma hawa-hawa take. Manyan itatuwa da fiya a sama, ayaba a ƙarƙashinsu, gahawa nau'in Arabika a inuwar ayabar, can ƙasa kuma gwaza da wake da kayan miya. Saniya ɗaya ko biyu na ɗaure a turke, ana daddatsa mata jikin ayaba da ganye, kashinta ya koma gindin shuka. Ruwa kuwa daga dutsen yake gangarowa ta magudanan da kaka da kakanni suka haƙa. Ka ɗaga ruɓaɓɓen ganyen ayaba ka tura yatsa, za ka ji ƙasa baƙa wuluk, da sanyi da danshi ko da rana ta take. Wannan kaɗai ya biya kuɗin mota.

Aikin gahawar ne ya fi daɗin kallo. Jajayen 'ya'ya kawai ake tsinka, ɗaya bayan ɗaya, don ɗanye yana sa ɗaci da bauri. A zuba cikin ruwa, wanda ya taso sama a kwashe, galibi ƙwaro ya huda shi ko bai yi ƙwaya ba. A ɓare da injin hannu a ranar, a bar ƙwayar kwana ɗaya zuwa biyu har yauƙinta ya saki. Nan ake yawan ɓata kaya: in ta zarce, sai ta ɗauki tsami da warin ruɓa, kuma ba suyar da za ta gyara. Daga nan a wanke, a shanya a kan gadon waya mako ɗaya zuwa biyu ana juyawa, har danshin ya sauka kusan kashi 11 zuwa 12 cikin ɗari. In an tara ta da sauran laima, fumfuna ce. Kilo biyar zuwa shida na 'ya'ya ke ba da kilo ɗaya na busasshiyar ƙwaya.

Sauran aikin duk matar Bahaushe ta san shi: surfe a turmi, shiƙa da faifai, suya a kasko ana motsawa ba tsayawa, daka, tankaɗe, tafasa.

Inda nake da ƙorafi shi ne rabon lokaci. Waƙa da tafi a bakin turmi sukan cinye rabin ziyarar, wurin ɓara da shanya kuma a wuce da kai a gurguje, in ma an kai ka. Ɓangaren ziyarar da ya shafi 'ya'yan itace kuma sau da yawa faranti ne kawai na ayaba da fiya. Tun wajen cinikin kuɗin ziyarar ka ce gonar kake son zagayawa tare da manomin kansa, ka tambaye shi yadda yake fama da tsatsar ganye da ƙwaron da ke huda 'ya'ya.

A kula da mbege: giya ce ta ayaba da tamba, ana miƙa ta don karramawa, kuma ba a jin haushin wanda ya ce a'a. Naman da ke cikin faten ayaba ma a tambayi wanda ya yanka.

A nemi biza ta intanet tun da wuri, a riƙe katin rigakafin cutar shawara, a sa takalmi mai kama ƙasa. Tsaraba kuma soyayyar ƙwaya ce, ba dashe ba. Garin Kaduna ya yi wa Arabika zafi da ƙarancin tudu. A Najeriya tsaunin Mambila ne wurinta. Amma rufe ƙasa da ganye da mayar da taki gindin shuka, manomin citta a Kaciya ko mai lambu a bakin kogin Kaduna zai iya gwadawa a daminar bana.